Dangwalin Rugar Ardo Buba

Kwanakin baya wasu samari masu yankan rasit a kasuwar Birnin Gwari suka shigo gaishe ni. Ɗayansu ya ɗaga kai ya ga wata tsohuwar igiya rataye a bangon zaurena, ya tambaya ko ta guga ce. Na ce a'a, ta aikin jangali ce. Sai suka kwashe da dariya.

"Kai, Baba, ku dai kun ci zamaninku," in ji shi. "A hau doki a je ruga, a sha kindirmo, a ƙirga shanu, a dawo da kuɗi. Ƙirga fa! Ku zo ku gwada 'yan tireda ku gani."

Ban ba su amsa ba, don an kira la'asar. Amsar ce nake rubutawa yanzu, su karanta a nutse.

Jangali harajin shanu ne. A zamanin Turawa kowace saniya da ke taka ƙasar nan akwai kuɗin kanta sau ɗaya a shekara, kuma da damina ake karɓa, lokacin da Fulani suka kafa bukkoki suka zauna wuri ɗaya. Ni malamin jangali ne. Shekara ashirin da wani abu na yi a kan aikin, tun garin Birnin Gwari yana Tsohon Birni.

Ƙirgata ta farko a wata ruga ce bayan Randagi. Maigidana Malam Barau, wani dogon tsoho mai ƙarancin magana wanda na yi shekara shida ina riƙe wa jaka, ya tsayar da ni a bakin shinge da sassafe ya ce in ƙirga. Raɓa ba ta ɗauke ba. Hayaƙin wutar shanu na kwance a kan garken kamar farin mayafi, ƙahoni suna ta iyo a cikinsa. Na ƙirga na samu arba'in da bakwai. Na sake, na samu hamsin da biyu. Na uku ya ba ni arba'in da ɗaya. Makiyayan na tsugune suna kallona, ba wanda ya yi dariya.

"Me kake ƙirgawa, Isiyaku?"

"Kawuna, Malam."

"Kan saniya yana zama wuri ɗaya ne? Yanzu yana sama, yanzu yana cikin ciyawa, yanzu ya shige ƙarƙashin 'yar'uwarta. Ƙirga tozo."

Tozo ba ya sunkuyawa. Na ƙirga sau biyu, sau biyun arba'in da tara. Darasin ranar ke nan, kuma sai da na yi damina biyu kafin idona ya daina zamewa daga tozo zuwa ƙaho.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Jakar fata mai rufi biyu saboda ruwan sama. Littafin rasit, wanda in ya jiƙe kai ma ka shiga uku. Fensir mai tawada da sai an lasa yake kamawa, shi ya sa ake gane malamin jangali da shuɗin harshe. Akwatin ƙarfe na zuba sulalla, dogari ne ke tsaronsa. Sai 'ya'yan tsamiya cike da aljihun dama: duk tozo goma ka mayar da ƙwaya ɗaya aljihun hagu, bakinka a rufe. Ba a ƙirga shanun Bafulatani da ƙarfi, ba a nuna su da yatsa. Shi kansa ba ya ƙirga su. Sunayensu ya sani, da na iyayensu mata har kaka ta biyar. In ka kuskura ka ɗaga yatsa kana "ɗaya, biyu", to duk wadda ta yi tuntuɓe a shekarar bakinka ne ya kama ta.

Rasit kuwa a wurinsu kamar laya yake. A cikin guntun gora suke naɗe shi su rataya a wuya, domin in sun tsallaka wata ƙasa shi ne shaidar sun biya. Akwai wani Jauro, wato mai unguwar Fulani, da ya shanya nasa a kan shinge, maraƙi ya lashe shi tas. Ya bi mu tafiyar wuni guda a ƙasa, yana jaye da maraƙin, wai ga rasit ɗin nan a ciki, in Malam na son gani a yanka. Malam Barau ya sake rubuta masa wani, ya ce a bar shaidar ta girma.

Amma ƙirga abin da ke gabanka shi ne ƙaramin aikin. Babban shi ne sanin abin da ba ya gabanka. Babu rugar da za ta ji malamin jangali ya sauka a ƙauyen kusa ta bar garkenta cikakke. Kafin ka iso an kora rabi daji. Don haka Malam Barau ya koya mini karatun ƙasa: faɗin makwancin shanu, tudun tokar wutarsu, ɗanyen kashi, sawun da ya fita bai dawo ba. Sama da duka, dangwali. Dangwali shi ne doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere, kowane maraƙi da zargen da ake sa masa a wuya. Zargen da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba yakan bushe ya yi tauri. Wanda aka kwance jiya yana nan da laushinsa, da maiƙo, da ɗan gashi a jiki. Sai ka shafa kamar kana wasa da hannu. In ka san maruƙa nawa suka kwana nan shekaranjiya ka san iyayensu, in ka san iyaye ka kusa sanin garken duka.

Daga nan sai ciniki. Malam Barau yakan zauna a kan buzu, ya sha nono, ya tambayi lafiyar kowa, sannan ya faɗi adadi sama da abin da ya gani, ƙasa da abin da ya sani. Ardo, wato shugaban rugar, ya riƙe baki ya ce an kashe shi. A ja, a sassauta, a tsaya a tsakiya. Ya rubuta, mu hau dawaki kafin azahar. Na taɓa tambayarsa a hanya me ya sa ya bar musu wajen ashirin alhali ya san suna nan.

"Na san suna nan, su ma sun san na sani," ya ce. "Waɗanda na bari su za su haifa mana abin rubutawa baɗi. Kuma ka riƙe wannan: kada ka kwana a ruga. Muddin kana zaune, na daji ba za su dawo gida ba. Daji kuwa ba ko'ina saniya ke iya kwana ba."

Na ce to, kamar yadda ake cewa to.

A duk zagayenmu babu rugar da nake ɗokin zuwa kamar ta Ardo Buba, a kan wani tudu mai kallon dajin da ya gangara kogin Mariga. Siririn dattijo ne mai son tsokana. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "Kaɗo mai shuɗin harshe", don Kaɗo Fulani ke ce wa Bahaushe. Yana da 'ya, Hajjo, ita ke tatsa, ita ke kai nono kasuwa. Abin da ke raina game da ita ba na sana'a ba ne, don haka na bar shi a nan. Abin da ya shafi sana'a shi ne saniyarta Fure, wadda ta gada daga mahaifiyarta. Fara ce sol, mai baƙin kunne, idanunta kamar an zizara musu kwalli, ƙahoninta sun buɗe sun ɗaga kamar hannuwan mai roƙon ruwa. Ba ta gaggawa in tana tafiya, ta san za a jira ta. Ita ke jan garken. In Hajjo ta tsaya a kan tudu da yamma ta kira sunanta, daga can ƙasan kwari za ka ji ta amsa, sauran su biyo bayanta. Shekara shida daga tozon Fure nake fara ƙirga.

Sai shekarar da kuɗi ya ɓuya. Auduga ta yi kyau amma babu mai saye, kanti ya rataye sikelinsa. Bijimin da a da za a sayar a biya jangalin garke guda, sai an haɗa shi da ɗan'uwansa. Samarin ƙauye suka watse ramukan zinariya. Ana gab da fara fita, Ma'aji ya tara mu a rumfar baitulmali. Ya ce abin da ke shigowa bai kai abin da ke fita ba, kuma gwamnati ta ƙara kason da take ɗauka, don ita ma asusunta ya yi rami. Ya ce ya ji daga bakin akawun Bature cewa can ƙasashensu manyan bankuna sun durƙushe, sai da hukuma ta zuba musu kuɗi suka miƙe. Saboda haka an rage albashi, an dakatar da gyaran gada, an ƙara sisi a kan kowace saniya. An kuma sallami tsofaffin ma'aikata, Malam Barau na cikinsu.

"Bana babu ciniki," in ji Ma'aji. "Kowane tozo ya hau takarda. Wanda littafinsa ya gaza na bara, ya ajiye jaka."

A ƙofar rumfar Malam Barau ya miƙa mini jakarsa, ya juye mini 'ya'yan tsamiyarsa da suka yi sulɓi don shafa. Abin da ya ce kawai, "Ka tuna da maganar kwana."

Na isa rugar Ardo Buba da hantsi, ni da dogari, karo na farko babu maigida a gabana. Aka shimfiɗa mini buzu a gindin ɗorawa. Na faɗa masa ƙarin da aka yi, na faɗa masa dalili yadda na ji shi.

"Tsaya, Kaɗo. Mene ne banki?"

"Kamar ruga ce, Ardo, amma ta kuɗi. Mutane su kai nasu a yi musu kiwo."

"Sai annoba ta shiga?"

"Haka aka ce."

"Allah sarki." Ya jinjina kai, da gaske ya tausaya. "To ai wannan mun san shi. Mu ma in garken mutum ya ƙare ba a barinsa zaune. Wani ya ɗaura masa karsana, ya yi kiwonta, ya sha nono. In ta haifi uku ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. To su Nasaran, in sun miƙe, wace shekara za su mayar mana da uwar?"

Dogari ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na shiga garke na samu talatin da huɗu, yawanci tsofaffi da bijimai. Fure ba ta ciki. Na ratsa ta wurin dangwali na shafa. Maruƙa tara ne a ɗaure, amma zarge ashirin da shida ne, duk da laushinsu.

"Ardo, ina sauran?"

"Waɗanne? Abin da Allah ya bar mini ke nan."

A gaban ƙannensa da surukansa ya faɗe ta. Wanda ya san Fulani ya san an rufe ƙofa, don dattijo ba ya faɗin magana a gaban surukai ya dawo ya lashe ta. Da Malam Barau ne, bai ma yi tambayar ba. Zai ce saba'in, Ardo ya ce arba'in, a tsaya a sittin, babu wanda aka ƙaryata. Ni kuwa an ce mini babu ciniki. Na sa dogari ya kwance sirdi.

"Zan ɗan huta a nan, Ardo."

"Gidanka ne," ya ce.

Bafulatani ba ya korar baƙo. Da wannan na dogara, kuma ba Bature ya koya mini ba, ba Ma'aji ba, dabarata ce. Aka ba ni bukka. Safe da yamma ana kawo mini tuwo da man shanu, alhali nonon gidan bai ishi masu gidan ba. Ardo yakan zo ya zauna mu yi hirar tsadar gishiri da kanwa kamar babu komai. Na san inda sawun ya nufa: kurmin bakin rafi, inda itatuwa suka haɗe kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Babu malamin jangali da zai shiga can da doki, shi ya sa suka zaɓe shi. Abin da ke hana doki shiga kuwa tsando ne, ƙudan da cizonsa ke sa wa dabba cutar sammore. Su lissafin wuni ɗaya suka yi, kamar kowace shekara.

Rana ta huɗu Hajjo ta kawo mini ƙwarya da kanta. Ta durƙusa ta ajiye, amma ba ta tashi ba. Fuskarta na kallon gefe.

"Malam, bana ruwa ya yi yawa."

"Ya yi, alhamdu lillahi."

"In ruwa ya yi yawa, tsando yakan yi yawa a kurmi."

Iyakar abin da za ta iya faɗa ke nan ba ta tona mahaifinta ba, kuma na fahimce ta sarai.

"To ai wanda ke da dabba a kurmi sai ya fito da ita," na ce.

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara shida. "Da Malam Barau ne, da yanzu yana Randagi." Ta ɗauki ƙwaryar jiya ta tafi.

Dogarin ma sai da ya yi magana. "Malam Isiyaku, don Allah rubuta sittin mu kama hanya. Zai biya, ya ce an zalunce shi, mutuncinsa na nan. Wa zai biyo ka nan ya sake ƙirgawa?" Gaskiya ya faɗa, hanyar na nan a buɗe kullum. Amma hannuna ya riga ya gaya mini sun kusa casa'in, kuma ina so littafina na farko ya nuna na fi wanda ya koya mini. Kowace safiya nakan ce yau Ardo zai sauko. Shi ma, na san, kowace safiya yakan ce yau Kaɗo zai tashi.

Rana ta goma sha ɗaya, da la'asar sakaliya, Ardo ya miƙe. Hajjo kawai ya duba. Ashe tun safe ya aika wa 'ya'yansa maza su matso da shanun bakin daji. Ta hau tudu ta yi kira. Muryarta ta gangara kwarin ta daɗe tana yawo, har na ɗauka babu amsa. Can sai muka ji Fure ta amsa, a dishe. Suka fito daga duhun itatuwa ɗaya bayan ɗaya, rana ta yi ja a kan fararen bayansu, Fure a gaba, tana takawa a hankali kamar yadda ta saba. Sai da suka matso na ga ɗigon busasshen jini a wuyansu da cikinsu, ko'ina. Na tsaya a bakin shinge, hannu a aljihu. Ƙwayar tsamiya tara na samu a hagu, da tozo uku. Casa'in da uku.

Ardo ya kora bijimai huɗu kasuwa aka saye su a wulaƙance. Ya zube kuɗin a kan buzu, na lasa fensir na yanka masa rasit.

"Ka iya ƙirga, Kaɗo," ya ce. "Barau bai kai ka ba."

Littafina ya fi na kowa a shekarar. Ma'aji ya ambaci sunana a gaban jama'a.

Sammore ba ya gaggawa. Sai da aka yi girbi labari ya fara shigowa gari. Gashin dabba ya tashi, ido ya riƙa zubar da hawaye, tana ci tana ramewa. Masu ciki suka yi ɓari. Mahautan Tsohon Birni suka sayi abin da za su iya har suka ce a dakata, fatu suka cika kasuwa ba mai tayawa. Ina jin duk wannan daga rumfar baitulmali, ban je ba.

Da damina ta zagayo dole na hau tudun. Makwancin shanun ya yi ciyawa. Ƙannen Ardo da surukansa sun tashi da abin da ya rage musu, sun tsallaka wata ƙasa inda suka ji malaminta ba ya kwana. Labarin zamana ya bazu, rugage biyar na zagayena suka bi su. Ardo na zaune a gindin ɗorawa. Shanu bakwai na gani, babu Fure a ciki, ban ko sa hannu a aljihu ba.

"Maraba da Kaɗo. Kwana nawa za ka yi mana bana?"

Na sauka daga doki na gaishe shi.

"Ramin nan na asusunku ya cika?"

"Bai cika ba, Ardo. An ce na bana ya fi na bara."

"To," ya ce. "Zauna mana."

Sai da na zauna na lura da abin da aka shimfiɗa mini. Ba buzun da na saba ba ne, farar fatar saniya ce, fara sol. Hajjo ta fito da dangwali a naɗe ta ajiye a gabana.

"Ga shi, Malam. Shafa."

Na shafa. Zarge ashirin da shida, duk sun bushe kamar ƙirare.

"Tafi da shi," in ji Ardo. "Gajere ya ishe mu."

Albashin wata biyar na tara, na sayi karsana a hannun wasu Fulani da suka gangaro daga arewa, na jawo ta da kaina har tudun na ɗaure a turkensa. Ardo ya zagaya ta, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa hantsarta.

"Kyauta ce ko ɗauri?"

"Kyauta ce, Ardo."

"Ba na karɓar kyautar Kaɗo. In ɗauri ce, bar ta."

"Ɗauri ce."

Tun daga nan ban sake kwance sirdi a ruga ba. Na koma faɗin adadi sama da abin da na gani, ƙasa da abin da na sani, littafina ya koma tsaka-tsaki, ba a sake ambaton sunana a gaban jama'a ba. Hajjo ta yi aure a wata ruga can yamma, ban ƙara ganinta ba.

Bayan shekara biyar, wata safiya aka yi sallama a ƙofar gidana. Ardo Buba ne, ya ƙara ramewa, ƙafarsa duk laka, riƙe da igiyar saniya.

"Ta haifi uku, biyu mata. Ga uwar."

"Ardo, shigo ka sha ruwa."

"A'a, Kaɗo. Ni ba na zama a gidan mutane." Ya sa mini igiyar a hannu ya danne da nasa. "In ka ga masu bankin nan ka gaya musu, haka ake yi."

Ya juya ya kama hanyar daji.

Sisin da aka ƙara ban ga an cire shi ba har na ajiye jaka. Dangwalin kuwa yana nan a bangon zaure. Wanda ya ce ƙirga ba wuya, ya zo ya shafa.